Garinmu ba abin ɗauka a hoto, in ji wani ƙane daga ƙasar Ringim

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mazaunin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Da kakar bana na sayar da riɗina na sayi waya mai kyamara mai kyau, ga kuma tsohuwar kyamarar da yayana ya bar mini. Ina so in iya hoto, amma garinmu ba abin ɗauka: gona, katangar ƙasa, awaki, shi ke nan. Sai dai in jira hawan Sallah ko in tafi Dutse in ɗauki duwatsu. Kafin nan me zan riƙa ɗauka?

Amsa: Ƙanena, barka kadai, Allah ya sa wa wayar albarka. Hausawa sun riga ni ba ka amsa: ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Ciwon da ke damunka ke nan. Ni ma na yi jinyarsa shekara da shekaru, sai da ya ci mini abin da ba ya dawowa sannan na warke.

Na fara hoto zamanin fim. Naɗi ɗaya hoto 36 ne, in ya cika sai ka shiga mota zuwa Kano a wanke, ka dawo ka jira. Kowace dannawa kuɗi ce, saboda haka nake ɓoye fim ɗina don Sallah da biki da suna. A lokacin kakata tana raye. Kullum bayan la'asar tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, auduga a hannun hagu, alli a yatsu, mazari na juyawa. Na wuce ta da kyamara rataye a wuyana ya fi sau ɗari, ban taɓa ɗagawa ba, don a wurina kaɗi aikin tsofaffi ne kawai, wa zai ɓata fim a kansa? Yau ina da hotunan dawakan hakimi cike da akwati, duk kamarsu ɗaya, in ka cakuɗa su ni kaina ba zan ce ga na wace shekara ba. Na hannun tsohuwar nan kuwa ko ɗaya babu. Kuma a unguwarmu yanzu ba sauran mai kaɗi, 'yan mata ma in sun ga mazari sai sun tambayi sunansa.

Dubi layin dogon da ya ratsa Ringim ya nufi Nguru, wanda aka kammala a 1930. In ka bi shi gabas za ka isa Malam Madori, inda aka taɓa jera dalar gyaɗa kamar yadda aka yi a Kano. Leburan da suka hau da buhunan nan bisa kai ba su ɗauke ta abin kallo ba, wurin neman tuwo ce a gare su. Yanzu dalar ta ɓace, ba inda za ka gan ta sai a hoto, kuma da yawan hotunan baƙi ne suka ɗauka, don su ne abin ya ba mamaki. Katangar ƙasar da kake rainawa ta kama wannan hanya. Kai shaida ne, bayan ambaliyar 2022 gida nawa ne ya faɗi a yankinku, mai shi ya tashe shi da bulo da kwano? Rumbu nawa ya rage a garinku in ka gwada da lokacin da kake yaro?

Amma kar ka ɗauka ina cewa duk abin da zai ɓace ya isa hoto mai kyau. Adana tarihi aiki ne mai daraja, sai dai shi kaɗai ba ya sa mutum ya tsaya ya kalli hoto sau biyu. Inda ka kauce a tambayarka shi ne lissafa sunaye: gona, katanga, awaki. Kyamara ba ta san suna ba. Haske take gani, da inuwa, da inda suka gamu. Hoton kyamara mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka a Faransa wajen 1826 ko 1827, rufin gine-ginen gidansa ne da ya hango ta taga, ba sarki ba doki. A 1930 kuma wani Ba'amurke, Edward Weston, ya ɗauki hoton tattasai ƙwaya ɗaya tak, baƙi da fari, har yau manyan gidajen adana kayan fasaha suna nuna shi. Tattasai fa, ɗan'uwan wanda ake kasawa a kasuwar Gujungu ran Lahadi. Abin da ya bambanta shi, mutumin ya zauna da tattasan yana juya su yana duban yadda haske ke kwanciya a jikinsu har ya samu.

To mu fara da haske, tunda a nan ne ɗan ƙauye ya fi ɗan birni gata, ba doguwar bene da za ta tare maka rana. Ƙasarmu tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka rana a nan miƙewa take yi sama tsaye, ta kuma faɗo tsaye, ba ta jan ƙafa a gefen sama kamar a Turai. Hasken nan mai laushi mai ruwan zuma gajere ne: daga fitowar rana zuwa kafin hantsi ya ɗaga, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa almuru. Kowanne bai fi awa guda ba. Wanda ya koma barci bayan asuba ya zubar da rabin ranarsa. In sai ka karya kumallo, ka yi wanka, ka fito ƙarfe sha ɗaya, dole garinku ya zama ba abin ɗauka. Rana tana tsakar ka, ƙasa ta yi fari fat, idanun mutane sun koma ramuka baƙaƙe a ƙarƙashin hula, farar riga ta ƙone har ba a ganin aikin wuyanta. Wajen 20 ga Afrilu da 20 ga Agusta ma rana kan bi daidai saman kanmu, da tsakar rana inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa ta ɓuya.

Ɗauki katangar nan taka. Da tsakar rana ba ta da labari, na yarda. Amma nemi wadda ke kallon kudu, ka je mata da sassafe cikin hunturu. A watannin nan rana na ɓullowa ta kudu maso gabas, haskenta ya shafi katangar ta gefe, sai ka ga duk abin da ke jikinta ya taso. Ga sawun yatsun maginin da ya yi yaɓe, jere kamar kunya a gona. Ga tsinken ciyawar da aka kwaɓa da ƙasar. Ga hanyar da ruwan indararo ya zaizaye, ga gidan zanzaro, ga ƙadangare ya fito shan hantsi yana gyaɗa jan kansa. In ka sami wurin tsayawa, kar ka danna ka tafi. Katangar ta zama shimfiɗa, saura mai hawa. Jira yaro da allo ya gifta, ko mai keke da damin kara, ko tsohuwa da ƙwarya, inuwarsu ta miƙe a jikinta. Sau da yawa nakan yi rabin awa a gindin katanga ɗaya. Mutanen gari sun yi mini dariya har sun gaji, daga baya suka daina ganina, wannan kuwa shi nake nema.

Masu hoto da yawa suna ƙin hazo, wai yana kashe launi. Ni ina marmarinsa. Ƙurar nan da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana tace rana kamar an rataya mata farin mayafi. Inuwa ta yi laushi, fuska ta fito lafiya ko da hantsi ya ɗaga. Bishiyoyi kuma su jeru, ta kusa baƙa, ta bayanta toka-toka, ta can nesa kamar zanen alli, wannan jerin ne ke ba hoto zurfi har ka ji kamar ka taka ka shiga. Kuka ba ganye cikin hazo, da mutum ɗaya lulluɓe da bargo a gindinta, ya ishe ka. Sai dai ƙurar ba ta da imani ga kaya. Kar ka kwance gilashin kyamarar yayanka a fili, shiga ɗaki ka juya bakinta ƙasa. Idon waya kuma ka hure shi tukuna sannan ka goge da ƙyalle mai laushi. Gefen riga mai yashi karce shi yake yi, kuma rabin hotunan da ake turo mini ana cewa waya ba ta da kyau, maiƙon yatsa ne a kan idon.

An koya mana tun muna yara cewa mai hoto ya ba rana baya. Wannan dokar hoton fasfo ce. Juya ka fuskance ta da yamma sa'ad da shanu ke dawowa daga kiwo, ka ga yadda ƙurar kofatonsu ke kamawa kamar wuta, ƙahonni su fito fes a cikinta. Haka ƙaiƙayi in ana shiƙa, haka hayaƙin mai ƙosai, da tururin tukunyar mai shayi da sanyin safiya, da ruwan da ke tsiyaya daga guga a bakin rijiya. Duk waɗannan in rana na bayanka kusan ba a ganinsu, sai haske ya ratso su ta baya suke bayyana. Yadda za ka yi a waya: taɓa wurin da ya fi haske a fuskarta, 'yar alamar rana za ta fito, ja ta ƙasa har saman ya daina ƙonewa, mutane da shanu su koma baƙar siffa. Dalili, kyamara kullum ƙoƙarinta ta mai da komai tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi, in ka ƙyale ta za ta ba ka hoto mai ruwan kunu. Ita ranar kanta ka ɓoye ta bayan bishiya ko rumbu, ko ka kare idon wayar da tafin hannu daga sama.

Tsakar rana kuma ciki ake shiga. Na yi aiki da fitilun sutudiyo masu tsada, ban ga ɗakin hoton da ya kai zaure ba. Zaunar da mutum taku biyu daga bakin ƙofa, ta ciki, ya ɗan juya ga ƙofar. Hasken da ke tashi daga farar ƙasar waje ya shigo ta gefe guda ya kwanta a rabin fuskarsa, bayansa duhu wuluk, babu tarkacen da zai ja ido. Kashe filas, shi ne ke ɓata wannan. Gwada da dattijon gidanku yana jan carbi, za ka ga kowane layi a goshinsa. Rumfar maƙera haka take, da shagon tela, da ɗakin injin niƙa inda gari ke tashi cikin igiyar hasken da ta ratso ta hujin kwano. Inuwar darbejiya ce kawai zan ce ka yi hattara da ita, hasken da ke ratsa ganyenta dabbare-dabbare yake yi wa fuska.

Bayan haske, nemi aiki. Bar tambayar me ke akwai a garinmu, koma tambayar me ake yi yanzu a garinmu. Wannan ba ta taɓa rasa amsa. Ana saƙar zana, ana sassaƙa ƙota, ana facin taya, wanzami yana aski, mahauci yana feɗe akuya, ana ɗora buhu a amalanke. Amfanin aiki ga mai hoto, maimaita kansa yake yi, in ka kuskure yanzu zai dawo. Kuma kowane aiki yana da inda ya fi tashi. Ɗauki lugude a tsakar gidanku: mata uku a turmi ɗaya, akwai lokacin da ɗaya ke cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Kalli zagaye biyar shida ba ka ɗauka ba, har kunnenka ya kama kiɗan, sannan ka danna gab da ta saki, don tsakanin yatsanka da kyamara akwai ɗan jinkiri. Wayoyi da yawa suna da sashen da aka rubuta Pro, inda ake saita saurin ƙiftawar kyamara. A 1/500, wato kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, taɓarya za ta tsaya cak a iska. A 1/30 za ta koma shafi-shafi, turmi na tsaye daram, kuma sau da yawa wannan ya fi faɗin gaskiyar daka. A maƙera ma, in kana so tartsatsi ya ja dogon layi sa'ad da masaba ta sauka, sauko wajen 1/15 ko 1/30, ka jingina wayar da kututture ko turken rumfa, don hannu ba ya tsayuwa a wannan sauri. In wuri ya yi duhu kar ka yi ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, hoton yashi-yashi zai yi. Gara ka matsa inda haske yake.

Matsawa kuwa da ƙafa ake yi. Babban idon yawancin wayoyi mai faɗi ne, kwatankwacin milimita 24 zuwa 28 a ma'aunin gilashin kyamara, yana kwaso komai ya ƙanƙanta shi. Shi ya sa kake ganin abu mai kyau da ido, ka ɗauka, ya koma ɗigo a tsakiyar fili. Jan hoto da yatsa biyu kuma, in wayar ba ta da ido na biyu mai hangen nesa, yankowa ne kawai a buɗa, ingancin ya zube. Taka har hannun mai saƙa ya cika fuskar wayar. Kafin ka danna, bi gefuna huɗu da ido: baƙar leda a kusurwa, turken lantarki da ya tsiro daga kan mutum, rabin ƙafar wani. Taku ɗaya hagu ko dama yakan kawar da su.

Awakin da ka ambata da raini, ka san abin da ya sa hotonsu ba ya burge ka? Daga tsaye kake ɗauka, sai gadon baya kake samu. Durƙusa har idonka ya yi daidai da na akuya. Jar akuya a gindin jar katanga da hasken la'asar kamar daga ƙasa ɗaya aka gina su. Ko ka bi su da rani inda suke miƙewa kan ƙafafun baya suna kamo ganye. In ka gaji da durƙuso, nemi izini ka hau soro ka dubo ƙasa, nan launin garinku yake: shanyar barkono a tabarma, zoɓo ja wur, farin riɗi a leda, wake da gyaɗa kowanne da faifansa. Ku 'yan Jigawa zoɓo da riɗi sun zame muku kuɗi har kun daina ganin launinsu. Mu ma a wajen Kura da Kadawa haka muke da kauɗar tumatur, fili guda ja, mutum ya taka gefensa ya wuce bai ɗaga kai ba.

Yanzu gona, wadda a cikin ukun nan ita na fi so mu daɗe a kanta. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Mai hoto daga Abuja ko Legas zai zo da kyamarar da ta fi kuɗin gonarku, ya sauka ƙarfe sha biyu, ya ɗauki abin da ya tarar, ya koma kafin magariba. Kai kuwa kana nan gobe, kana nan watan gobe, kana nan baɗi. Wannan jarin ba ya sayuwa, kuma shi ne jarin manyan masu hoto da yawa. J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya da ya rasu a 2014, tun 1968 ya kama ɗaukar kitson mata, abin da kowa ke gani a kasuwa da ofis bai kula ba. Ya yi shekaru a kai har ya tara wajen hoto dubu, akasari daga ƙeya, a gaban fili wayam. Guda ɗaya kitso ne kawai. Da suka taru sai duniya ta tsaya kallo.

Ga irin naka. Nemi gawo guda a gonarku ko ta maƙwabci. Ka san halinsa: duk bishiyoyi na yin ganye da damina, shi a lokacin yake zubar da nasa, sai rani ya kama kowa ya bushe shi kuma ya yi kore shar. Shi ya sa manoma ke barinsa a tsakar gona, ba ya tare wa amfani rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Zaɓi wurin tsayawa, ka binne dutse a nan don kar ka ɓace, ka riƙa zuwa sau ɗaya a wata, a lokaci ɗaya, ka riƙe wayar a tsayi ɗaya. Da bazara za ka samu ƙasa tsirara, an yi shara, taki kashi-kashi, gawo kore a sama. Sai hadarin farko ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas da jar ƙura a gabansa. Ɗauki wannan daga nesa ka gudu gida, gindin bishiya ba wurin tsayuwa ba ne in ana tsawa. Sai shuka, mai sungumi a gaba, yara na bi suna zuba iri suna takewa. Gero ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya fid da kai ya shanye mutum, gawo kuwa ƙashi zalla a samansa. Sai girbi, dammuna a jere, kara a tsaye, sai shanun Fulani su sauka kan abin da ya rage, ga gawo ya fara tofo. Hoto 12 ke nan. In ka jera su, kore yana sauka ƙasa yana hawa sama, yana sauka yana hawa. Mutanen garinku da suka shekara hamsin suna wuce bishiyar nan za su riƙe wayarka su yi shiru. Na ga hakan da idona da na yi irinsa da wata fadama.

Ba lalle gawo ba. Teburin mai shayi ɗaya kowace safiya har wata guda. Ƙofofin gidajen layinku, kowace daga gaba sak. Hannayen masu sana'a goma. Bakin kogin Haɗejia wuri ɗaya, daga cikarsa zuwa janyewarsa, da kwalekwale da masu su da injin ban-ruwa. Abin da ake so, ka ƙuntata wa kanka. Wanda ya fito ɗaukar komai yakan dawo da hoton faɗuwar rana, wanda kowa ke da shi.

Akwai wani ciwo da ke kama masu hoton ƙauye, ni ma ya taɓa ni: share zamani daga hoto. Mutum ya ga tsohuwa da tulu, sai ya karkata don kar jarkar roba ta shigo, wai ta ɓata gargajiya. Wannan ƙarya ce da kyamara. Layin jarkoki masu ruwan ɗorawa a bakin famfo, shagon cajin waya da wayoyi arba'in kwance kowace da igiyarta, farantin sola bisa rufin ciyawa, babur ɗauke da mutum biyu da rago: su ne garinku a yau. Nan da shekara talatin su jikokinka za su nuna da yatsa suna tambaya, kamar yadda muke yi wa dalar gyaɗa.

Maganar mutane kuma sai da hankali, don kai ba baƙo ba ne, wanda ka ɗauka yau gobe sahu ɗaya za ku tsaya a masallaci. Yi sallama, ka gaisa, ka zauna, kyamara a aljihu. In hira ta yi hira sai ka ce, "Baba, ka yarda in ɗauki hoton aikin nan?" Mai sana'a yawanci yana jin daɗi a daraja aikinsa. Da farko zai ƙame ya gyara hula, ɗauki wannan ka nuna masa, sannan ka ci gaba da zama har ya manta da kai ya koma bakin aiki. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Akwai dattawa da malaman da ba sa son hoto bisa fahimtarsu ta addini, ba wurin gardama ba ne. Gidan wani ba naka ba ne, matar aure ba a ɗaukarta sai da yardarta da ta maigidanta. Kuma izinin ɗauka daban, izinin sakawa a Facebook daban, kowanne sai ka nema. Na taɓa sa hoton wata mai tallan fura ba tare da na koma na tambaya ba, ya zaga har ya iso wayar surukinta. Sai da manya suka shiga, kuma laifina ne tsantsa. In kana da ƙanwa mai sha'awa, koya mata ka riƙa ba ta aron wayar. Rabin garinku, kitso da lalle da jeren ɗaki da hirar tsakar gida, ita ke iya ganinsa, kai ba za ka taɓa ba. Nata hotunan ma a bar su inda masu su suka yarda.

Almajirai kuma, don Allah kar ka shiga sahun masu ɗaukar yaro da yagaggiyar riga da ƙoƙo don a danna musu alamar tausayi. In kana son makarantar allo, je wurin malam ka nemi izini, ka zo da asuba lokacin da ake karatu a bakin wutar kara, ko sa'ad da aka wanke alluna aka jingina su suna bushewa. Shingen jami'an tsaro da ofishinsu kuwa ko da wasa kar ka nuna musu waya. Duk wanda ka ɗauka, in ka shiga Ringim ka wanke masa kati ɗaya ka kai masa. Tsohon da ka miƙa wa hotonsa a hannu, shi zai aiko yaro ya kira ka ran da za a yi sabon yaɓe ko za a ɗora wa rumbu jinka.

Sallar da kake jira, in ta zo ka je. Amma filin hawa cike yake da wayoyi ɗari suna ɗaukar doki ɗaya. Yi sammako ka zaga bayan gida inda ake ɗaura sirdi, ana naɗa wa mutum rawani yana riƙe da gefensa ɗaya a haƙori, ko ka dakata bayan an watse ka sami yaron da barci ya kwashe cikin sabuwar shadda da alewa a hannu.

Abu ɗaya da ba a so a ji: waya faɗuwa take yi a rijiya, ana kuma sace ta. Duk ƙarshen wata ka zaɓi goma mafi kyau ka kwafe su a memori ko kwamfutar wani amintacce. In za ka tura ta WhatsApp, tura su ta hanyar da ake tura takarda, in ba haka ba matse su yake yi har sawun yatsun maginin nan su narke. Kowane hoto ka rubuta masa gari da wata da shekara da abin da ake yi, a littafi in ya yiwu, don akwatin dawakan nan nawa rashin wannan ne ya mai da shi tarkace. Dutsen da za ka binne a wurin tsayawarka, ka sa shi can bakin iyaka inda garma ba za ta tone shi ba. In ka haɗa wata uku ka turo mini in gani, kar ka sa musu filta.